Darasi na Bakwai: Ƙudan Ayaba da Hanyar da Gado Ke Bi

Duk wanda ya taɓa barin ayaba ko mangwaro har ya nuna ya wuce misali ya san ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke yanyame shi. Ba ƙudan gida ba ne. Tsawonsu bai wuce milimita 3 ba, ba sa cizo, kuma yis ɗin da ke tsirowa a kan ruɓaɓɓen ɗan itace shi ne abincinsu. Masana na kiransu Drosophila melanogaster, mu kuwa a wannan darasi za mu ce musu ƙudan ayaba. Asalinsu daga nan Afirka ne, kudu da Sahara, suka bi mutane da kayan lambunsu har suka game duniya. A kansu aka fara tabbatar da inda gado yake zaune a jikin mai rai, da hanyar da yake bi daga iyaye zuwa 'ya'ya. An yi wannan aiki a Amurka, daga shekarar 1910 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya.

Abin da aka sani kafin nan

Makiyayi da manomi ba su jira masana ba kafin su san akwai gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne yadda gado kan tsallake: yaro bai ɗauko uwa ba, bai ɗauko uba ba, sai ga shi sak kakansa. A ƙarni na 19 yawancin masanan Turai sun ɗauka cewa abin uwa da na uba gauraya suke yi a jikin ɗa, a sami tsaka-tsaki. Da haka ne, siffar da ta ɓace a 'ya'ya ba za ta dawo cif a jikoki ba.

Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau, shi ya fara warware wannan. Daga 1856 zuwa 1863 yana haɗa irin wani wake da ake nomawa a Turai, yana ƙirga abin da ya fito. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duk dogaye ne. Da 'ya'yan suka ba da nasu iri, sai gajere ya dawo, ɗaya cikin kowane huɗu. Ya ce ke nan kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ba sa narkewa cikin juna. Wata tana rinjaye, wata tana laɓewa, amma mai laɓewar tana nan lafiyarta ƙalau har ranar da za ta haɗu da irinta. An buga aikinsa a 1866, ba wanda ya kula da shi sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Mendel bai taɓa ganin ƙwayar gado ba, lissafi ne ya nuna masa ita. Masu duba ƙwayoyin halitta da madubin likita kuwa sun ga wasu zaruruwa a cikin kowace ƙwaya, waɗanda ake kira kuromosom. Bibbiyu suke zuwa, kuma idan jiki zai yi ƙwai ko maniyyi sai kowane biyun su rabu, ɗaya kawai ya shiga. A 1902 da 1903 wani ɗalibi mai suna Walter Sutton, da ke nazarin fara, ya lura cewa zaruruwan suna yin daidai abin da Mendel ya ce ƙwayoyin gado suna yi. Theodor Boveri a Jamus ma ya kai ga irin wannan tunani. A 1905 Nettie Stevens, tana duba wani ƙwaro da tsutsarsa ke cin gari, ta ga cewa namiji da mace sun bambanta a zare guda. Shi ne abin da yau muke rubutawa da haruffa: mace XX, namiji XY. Duk da haka hasashe ne. Ba wanda ya ɗauki siffa guda ya ce ga zaren da take kai.

Mutumin da bai yarda ba

Thomas Hunt Morgan, haifaffen jihar Kentaki a 1866, ya koma koyarwa a Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok a 1904. Bai gamsu da Mendel ba, bai kuma gamsu da maganar zaruruwa ba. A ganinsa mabiyan Mendel suna ƙirƙiro ƙwayoyin gado ne a takarda duk lokacin da lissafi ya ƙi fita. Abin da yake so shi ne ya ga sabuwar siffa ta ɓullo a gabansa, ya bi ta da idonsa. Wajen 1908 ya fara kiwon ƙudan ayaba saboda wannan.

Zaɓin ya dace ƙwarai. Mai nazarin wake sai ya jira shekara, mai nazarin shanu sai ya jira shekaru. Ƙudan ayaba kuwa daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa cikakken ƙuda kwana 10 ne zuwa 12 idan akwai ɗumi, mace guda tana yin ƙwai ɗaruruwa, kuma zaruruwansa tagwaye huɗu ne kacal, alhali na ɗan Adam tagwaye 23 ne.

Ɗakin da aka yi aikin, mai lamba 613 a ginin Schermerhorn, ƙafa 16 ne a faɗi, 23 a tsawo, an cusa tebura takwas a ciki. Ko'ina kwalaben madara ne, kowace da dagargajajjiyar ayaba a gindi, an toshe bakinta da auduga. Warin ruɓaɓɓiyar ayaba ba ya barin wurin. Idan za a duba ƙudaje sai a shaƙa musu maganin sa barci, a zazzage su a kan faranti, a riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya ana kallon ido da fiffike da launin jiki, a ware maza gefe mata gefe, a rubuta adadi. Akwai wani abin lura kuma: macen ƙuda tana ajiye maniyyin namiji a jikinta ta yi ta amfani da shi. Saboda haka duk wadda za a yi gwaji da ita dole a ware ta cikin 'yan sa'o'i bayan fitowarta daga ƙwanso, tun ba ta sadu da kowa ba, in ba haka ba a rasa sanin uban 'ya'yanta, aikin duka ya lalace.

Kusan shekara biyu Morgan na wannan wahala bai ga abin a zo a gani ba. Sai a 1910 aka sami namiji guda mai fararen idanu a cikin 'yan uwansa masu jajaye.

Ku bi lissafin da kanku

Wannan sashe shi ne zuciyar darasin. Ku ɗauki takarda da fensir, kada ku wuce shi da karatu kawai.

Morgan ya haɗa namijin nan da mata masu jan ido. Aka ƙirga 'ya'ya 1,237 masu jan ido, ban da wasu maza uku masu fari da ya ajiye maganarsu gefe. Ja ya rinjayi fari ke nan. Ya bar 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, ga abin da ya ƙirga a jikoki, kamar yadda ya buga a mujallar Science a watan Yuli na 1910:

mata masu jan ido 2,459
maza masu jan ido 1,011
maza masu farin ido 782

Fari ya dawo a jikoki, yadda Mendel ya faɗa. Amma ku sake duba jerin. Ina mata masu farin ido? Ko ɗaya babu. A waken Mendel ba a taɓa ganin haka ba.

Mai gaggawa zai ce ai mace ba ta iya yin farin ido. Morgan bai tsaya a nan ba. Ya mayar da namijin farko ya haɗa shi da 'ya'yansa mata, sai ga mata 88 masu farin ido, tare da maza 86 masu fari, da mata 129 da maza 132 masu ja. Mace na iya yin farin ido ashe. To me ya hana ta a gwajin farko?

Amsar tana fita idan muka ce ƙwayar launin ido tana kan zaren X, kuma zaren Y ba ya ɗauke da ita. Ku rubuta kakan: X mai fari, da Y. Tunda X ɗinsa guda ne, babu ja da zai rufe farin, shi ya sa idonsa ya fito fari. Ku rubuta kakar: X mai ja har biyu. Kowace 'ya ta karɓi X mai ja daga uwa da X mai fari daga uba, idonta ja, amma farin na laɓe a jikinta. Kowane ɗa ya karɓi X mai ja daga uwa da Y daga uba, idonsa ja, kuma bai gaji komai na farin ba. Uba ba ya ba ɗansa namiji X, Y yake ba shi.

Yanzu jikoki. Ubansu X ɗinsa mai ja ne, kuma kowace jika mace sai ta karɓe shi, saboda haka ko me uwarta ta ba ta idonta ja ne. Jika namiji kuwa Y ya samu daga uba, launin idonsa ya rataya kacokan a kan abin da uwa ta ba shi: rabi su sami ja, rabi su sami fari. Farin ido ya tashi daga kaka namiji, ya ɓuya a jikin 'yarsa, ya bayyana a ɗanta.

Wani zai ce 782 ai bai kai 1,011 ba, alhali an ce rabi da rabi. Tambaya ce mai kyau. Ƙudaje masu farin ido ba su kai 'yan uwansu ƙwari ba, da yawa sukan mutu tun suna tsutsa kafin a ƙirga su. Morgan ya buga adadin yadda ya same shi, bai gyara shi don ya yi kyau ba, kuma wannan halin ya cancanci a yi koyi da shi. Bayan da aka sami wasu siffofin da ke bin wannan hanya, irin su rawayan jiki da ƙaramin fiffike, sai ya sauka daga ra'ayinsa na da, ya zama babban mai kafa hujja ga abin da ya daɗe yana musu.

Samari uku

Ba Morgan kaɗai ya yi aikin ba. A 1910 ya ɗauki ɗalibai biyu da ba su ma gama digirin farko ba. Alfred Sturtevant ya tashi a gonar mahaifinsa a Alabama, tun yana yaro yake rubuta asalin dawaki da launin gashinsu. Calvin Bridges maraya ne, kuma da wankin kwalabe ya fara a ɗakin, sai aka gane yana da kaifin ido wajen hango ƙudan da ya fita daban. Hermann Muller ya shigo cikinsu bayan haka.

Abin da ya fara damunsu shi ne wannan. Idan rawayan jiki da farin ido da ƙaramin fiffike duk suna kan zaren X, ya kamata kullum a gaje su tare. Sau da yawa haka ake yi, amma wani lokaci sukan rabu. A 1909 wani malamin coci ɗan Beljiyam, Frans Janssens, ya ga tagwayen zaruruwa suna nannaɗe da juna lokacin da ake shirin yin ƙwai da maniyyi. Morgan ya ɗauki wannan ya ce a wurin nannaɗewar sukan tsinke su yi musayar gutsure. Ku ɗauka ƙwayoyin gado a jere suke kamar 'ya'yan carbi. Ga carbi biyu gefe da gefe, aka yanke su a wuri ɗaya, aka ƙulla kan wannan da gindin wancan. 'Ya'yan carbi biyu da ke maƙwabtaka da wuya yankan ya faɗa tsakaninsu. Waɗanda ke nesa da juna kuwa sau da yawa zai raba su.

Sturtevant yana ɗan shekara 19, a 1911, ya ga abin da ke cikin wannan magana: yawan rabuwar siffofi biyu awo ne na nisan da ke tsakaninsu. Ya kwashi takardun ƙirga ya tafi gida, ya ajiye aikin makarantarsa, ya kwana yana lissafi. Gari ya waye da taswirar gado ta farko a duniya, wadda aka buga a 1913. Rawayan jiki da farin ido suna rabuwa kusan sau 1 cikin 100, saboda haka ya sa rawaya a kan 0, farin ido a kan 1. Wata ƙwaya mai sa ido ya yi ja mai haske ta faɗa wajen 31, ƙaramin fiffike wajen 34, dungulmin fiffike wajen 58. Abin da ya ba taswirar ƙarfi shi ne lissafin yana haɗuwa: in an san nisan na farko da na biyu, da na biyu da na uku, ana iya faɗin nisan na farko da na uku tun kafin a gwada, kuma gwaji ya zo kusa da abin da aka faɗa. Hakan ba ya yiwuwa sai in a layi ɗaya suke. Yaron bai ga ko ƙwaya guda da idonsa ba, amma ya faɗi wadda ke gaba da wadda ke baya.

Hujjar da ta rufe bakin masu musu daga Bridges ta fito, kuma daga ƙudajen da suka saɓa ƙa'ida. Idan aka haɗa mace mai farin ido da namiji mai ja, ƙa'ida ita ce 'ya'ya mata su yi ja, maza su yi fari. Amma kusan sau ɗaya cikin 2,000 sai a ga 'ya mai farin ido ko ɗa mai ja. Da wani ne sai ya ce kuskure ne ya zubar. Bridges ya ce a'a, wataƙila X biyu na uwa ne suka ƙi rabuwa suka shiga ƙwai ɗaya. In haka ne, 'yar nan mai farin ido tana ɗauke da X biyu daga uwa da Y daga uba. Ya faɗi haka daga ƙirga, sannan ya sa ƙwayoyin halittarta a ƙarƙashin madubi, ya tarar da XXY. An buga cikakken bayanin a 1916. Daga nan aka kuma gane cewa a wurin ƙuda yawan X ne ke sa a zama mace ko namiji. A wurin ɗan Adam ba haka ba ne, samuwar Y ce ke sa a zama namiji.

A 1915 su huɗun suka fitar da littafi mai suna The Mechanism of Mendelian Heredity. Siffofin da suka tara a lokacin sun kasu gida huɗu, daidai da tagwayen zaruruwa huɗu na ƙudan. A 1927 Muller, yana Jami'ar Teksas, ya nuna cewa hasken hoton ƙashi yana canja ƙwayoyin gado, kuma canjin yana bin zuriya. Wannan na cikin dalilan da ya sa ma'aikatan ɗakin hoto a asibiti suke kare jikinsu, suke kuma tambayar mace ko tana da juna biyu. Morgan ya sami kyautar Nobel a 1933, ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa da na Bridges da na Sturtevant. Muller ya sami tasa a 1946, kuma ya daɗe yana ganin ba a ba shi haƙƙinsa na aikin ɗakin ba. A wurin da kowa ke jefa shawara a bainar jama'a, da wuya a tantance wanda ya fara faɗin me, kuma sunan babba ne yakan fito. Matar Morgan ma, Lilian, masaniya ce da ta gano ƙudaje masu X biyu manne da juna, abin da masu bincike suka daɗe suna amfani da shi.

Inda abin ya shafe mu

Hanyar da farin ido ya bi ita ce wasu lalurorin mutane ke bi. Cutar rashin daskarewar jini tana kan X. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da ita ba ta yi ciwon ba, ɗanta Leopold ya yi fama da ita, kuma ta hannun 'ya'yanta mata cutar ta shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Rashin bambance ja da kore shi ma haka ne, shi ya sa ya fi yawa a maza.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Tana kan X, kuma tana da yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. Mai ita lafiyarsa ƙalau, sai ya sha wasu magunguna ko ya kusanci ƙwallon kafur da ake sawa cikin tufafi, jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe. A jarirai tana kawo shawara mai tsanani. Kada a ajiye kayan jariri da kafur, kuma in idon jariri ya yi rawaya a garzaya asibiti.

Sikila ba ta kan X, tana kan zare na 11, shi ya sa take kama maza da mata daidai. Ita lissafin Mendel take bi. Idan miji AS ne mata ma AS, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar sikila guda a laɓe, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, mai sikila. Ku lura da kalmar kowane: haihuwar mai sikila yau ba ta sa uku masu zuwa su tsira, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Amfanin gwajin jini kafin aure ke nan.

Akwai kuma maganar da ta sa mata da yawa kuka. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa ban da shi. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, rabi X rabi Y, wanda ya riga isa shi ke nan. Matar da ta jera 'ya'ya mata ba ta da laifi ko kaɗan, kuma mijin ma ba zaɓa yake yi ba. Gori da saki a kan wannan zalunci ne da ba shi da madogara.

Aikin gida

Ku sa ɓawon ayaba da ta nuna sosai a cikin kwalba mai haske, ku bar ta a buɗe a inuwa kwana ɗaya ko biyu har ƙudaje su shiga, sannan ku ɗaure bakin da ƙyalle. Kullum ku duba ku rubuta abin da kuka gani: ranar da fararen tsutsotsi suka bayyana, ranar da suka hau jikin kwalbar suka daskare suka zama ƙwanso mai ruwan ƙasa, ranar da sababbin ƙudaje suka fito. Ku gwada bambance jinsi. Namiji ya fi ƙanƙanta, ƙarshen cikinsa baƙi ne kuma a dunƙule. Mace ta fi girma, cikinta na da ratsi-ratsi, ƙarshensa da ɗan tsini.

Ku zo aji da amsar waɗannan a rubuce, kowace da zanen X da Y:

An haɗa macen ƙuda mai farin ido da namiji mai jan ido. Wane launin ido 'ya'ya mata za su yi, wane maza za su yi?

Wani mutum ba ya bambance ja da kore, matarsa kuwa ba ta ɗauke da wannan siffa. Shin 'ya'yansa maza za su gaje ta daga gare shi? A jikokinsa, ta wajen wa za a sa ran ganinta?

Siffofi biyu suna rabuwa sau 3 cikin 100, wasu biyu kuma sau 30 cikin 100. Waɗanne ne suka fi kusa da juna a kan zare, kuma ta yaya kuka sani?